Buroshin aski: mai araha ma yana tayar da kumfa

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gaban wanzami ya san aska ba ta sauka a kai sai ruwa ya gama nasa aikin. Wanzami zai ɗebo ruwa a tafin hannu, ya ɗan goga sabulu, ya yi ta murzar kanka har ka fara gyangyaɗi, sannan ya zaro aska daga zabira ya wasa ta. Wannan murzar ita ce rabin askin. Busasshen gashi tauri gare shi, amma in ya sha ruwa na minti biyu ko uku sai ya kumbura ya yi laushi, aska ta bi ta kansa ba gardama.

Abin da wanzami ke yi da tafin hannu, shi Turawa suka ƙera wa ɗan buroshi. A Faransa ya yi suna tun ƙarni na 18, har yau kuma Faransawa sunan dabbar da ake cire wa gashin suke kiran buroshin da shi. Aikinsa ɗaya ne: ya haɗa ruwa da sabulu da iska, ya kaɗa su su zama kumfa mai kauri, ya cusa ta cikin gashi har gindinsa. Kumfar nan ce ke riƙe ruwa a fuska, ta kuma sa reza ta riƙa sulɓi. An kusa mantawa da shi bayan da kumfar gwangwani ta fito a Amurka a 1949, wadda latsawa kawai ake yi ta fito. Daga baya mutane suka gaji da tsadar rezar zamani mai baki uku da biyar, suka waiwayi tsohuwar reza da sabulun kwano, buroshi ma ya biyo su. Yanzu in ka leƙa kasuwannin intanet za ka ga na dala biyar, ka ga na dala ɗari uku, kuma a hoto duk kamarsu ɗaya.

To me ya raba su? Da farko dai gashin.

Sarkin tsada shi ne gashin wata dabba 'yar uwar dage, mai zanen fari da baƙi a fuska, da ake samu a Turai da Asiya. Gashinta siriri ne a baki, mai ɗan kauri a tsakiya, don haka yana ɗaukar ruwa da yawa yana kuma riƙe ɗumi. Masu ƙera buroshi sun kasa shi aji-aji. Na ƙasa duhu ne kuma yana ɗan tsikari, na ƙoli kuwa shi ne mai farin baki, wanda kaɗan ake samu a jikin kowace dabba. Kamfanonin da suka yi suna a kansa tsofaffi ne: Kent na Ingila tun 1777, Plisson na Faransa tun 1808, Simpson da ya fara a Landan a 1919, da Mühle na Jamus tun 1945. A nan akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Babu wata hukuma da ta tsayar da ma'aunin waɗannan azuzuwa. Abin da wannan kamfani ya kira na biyu, wancan yana iya kiransa na ɗaya. Akwai ma masu rina bakin gashi mai arha ya yi fari don ya shiga sahun manya. Kusan duk gashin kuma daga ƙasar Sin yake fitowa, ko da tambarin Landan ne a gindin buroshin, domin a Birtaniya doka ta kare dabbar, musamman dokar 1992. A 2018 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da hotunan yadda ake tsare dabbobin a keji a gonakin Sin, abin ya tayar da ƙura, har kamfanin Procter & Gamble ya ce ya daina sayar da irin wannan buroshi.

Ni a ganina, mai neman araha ya kauce wa wannan layi gaba ɗaya. Mai kyaunsa ba ya arha, mai arharsa kuma ba shi da kyau: sau da yawa gashin datse shi aka yi da almakashi don ya yi siffa, bakinsa ya zama kamar ƙaiƙayi a kumatu.

Buroshin talakan Turai kuwa na gashin alade ne, kuma a nan ya kamata mu tsaya mu yi magana sosai. Omega na Italiya, da ke aiki tun 1931, da Semogue na Fotugal, tun 1955, sun shahara a kansa. Babban buroshin Omega da masu aski a Italiya suka daɗe suna aiki da shi bai cika wuce dala goma zuwa goma sha biyar ba, kuma yana shekaru. Sabo yana da tauri da ɗan ƙarni, sai an jiƙa shi na 'yan mintoci kafin kowane aski. Bayan makonni ana amfani da shi, bakin kowane silin gashi yana tsagewa gida biyu ko uku, sai ya yi laushi a baki alhali jikinsa na nan da ƙarfi. Wato yana ƙara kyau da tsufa, abin da ba kasafai ake samu a kayan zamani ba. Ta fuskar aiki babu abin kushewa.

Sai dai a kwali ba lallai ka ga an rubuta alade ɓaro-ɓaro ba. Kalmar da za ka gani ita ce “bristle”, wani lokaci da “pure” ko “natural” a gabanta, ko kuma “boar”. A wannan sana'a duk gashin alade suke nufi. Mutum na iya shekara yana goga shi a fuska bai sani ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukanmu, gashin dabba yana da tsarki in yanke shi aka yi, har da na alade, amma in tuge shi aka yi to gindin da ya fito daga fata ba shi da tsarki. Shafi'iyya kuwa suna ɗaukar sa najasa ko ta yaya aka same shi, balle ga shi a jiƙe ake amfani da shi. Mai saye a kanti ba shi da hanyar sanin yadda aka raba gashin da dabbar. Wanda abin ya dame shi sai ya tambayi malaminsa, amma ko ba a kai ga fatawa ba, na san da yawa daga cikinmu zuciyarsu ba za ta kwanta ba. Sa'ar da aka yi, yanzu ba dole.

Kafin in zo ga dalilin haka, bari in ɗan ratse kan gashin doki, don yana da tarihi mai ban tsoro. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, an tilasta wa sojoji aske fuska ƙwal domin takunkumin kare hayaƙi mai guba ya zauna daidai. Buƙatar buroshi ta yi tashin gwauron zabi, ga shi yaƙi ya toshe hanyar gashin da aka saba kawowa daga Rasha. Sai 'yan kasuwa suka koma gashin doki daga Asiya, wasu ba su tsaya dafa shi ko kashe ƙwayoyin cutar da ke jiki ba. Sojoji da fararen hula da dama a Ingila da Amurka suka kamu da antiraks, ciwon saifa na dabbobi, ta 'yar ƙwarzanar da reza ta yi musu a fuska ko wuya, wasu suka mutu. Daga nan hukumomin lafiya suka wajabta tsabtace gashin kafin a ƙera, kasuwar gashin doki kuma ta faɗi. Kamfanin Vie-Long na Sifen yana yin sa har yau, tsabtatacce, a farashi mai sauƙi, yana kuma tsakanin na alade da na 'yar uwar dagen nan wajen laushi. Aibinsa shi ne yana cukurkuɗewa a tsakiya in ana danna shi da ƙarfi.

Wanda ya sauya lissafin kasuwar nan shi ne gashin roba. Da can abin raini ne. Tun da kamfanin DuPont ya fito da nailan a shekarun 1930 ake gwada shi, amma na farkon kamar tsintsiyar kwakwa suke, ba sa riƙe ruwa, suna watsa kumfa a riga. Cikin shekaru goma sha da suka wuce aka ƙware wajen sirantar da bakin zaren da ɗan lanƙwasa jikinsa, ya zama yana kwaikwayon gashin dabba. Masana'antun Sin irin su Yaqi suka cika kasuwa da shi a dala goma zuwa ashirin, tsofaffin kamfanonin Turai ma kowa ya fito da nasa. Ba ya buƙatar jiƙo, ba ya wari, sabulu kaɗan yake ci, kuma yana bushewa da wuri domin zaren ba ya shan ruwa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai yawan tafiya, ko a tsakiyar damina lokacin da ko tawul ba ya bushewa. Abin da ya rasa shi ne riƙe ɗumi kamar na 'yar uwar dage, kuma yana sakin ruwa gaba ɗaya in ba a yarfe shi ba, ka ji yana gangara maka har gwiwar hannu. Ga wanda zai sayi buroshi ɗaya tak, wannan zan nuna masa.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu kai tsaye. Gashin gemunmu a nannaɗe yake tsirowa, shi ya sa in aka aske shi ƙasa sosai yake lanƙwasowa ya soki fata, ƙuraje su feso a wuya da ƙarƙashin haɓa. Masu talla sukan ce buroshi na tayar da gashi ya hana wannan. Yana ɗan taimakawa, musamman ta wajen jiƙa gashin sosai, amma ba magani ba ne. Babban mai laifi shi ne askin da ake yi saɓanin kwanciyar gashi, da jan fata, da maimaita reza a wuri ɗaya. Kuma wanda ke da ƙurajen ya dirje su da buroshi mai tauri, ƙara wa Borno dawaki ya yi. Irin wannan fata laushi take so, laushin kuma yanzu a na roba ya fi arha.

Saura kuɗin buroshi mai tsada ina yake tafiya? Wani kaso a mariƙi: na ƙaho, na katako mai daraja, na ƙarfe, ko wanda aka sassaƙa ɗaya bayan ɗaya. Wani a aikin hannu, domin a manyan kamfanoni mutum ne ke tsefe gashin ya jera shi ya ɗaure. Wani kuma a suna kawai. Ban ga laifin wanda ya saya don sha'awa ba, kamar dai mai sayen hula zanna ta dubban nairori alhali ta kanti ma tana rufe kai. Amma kada a ce masa askinsa zai ninka kyau sau ashirin don ya biya ninki ashirin.

Duk da haka araha tana da iyaka, ba a banza aka ce ba ta ado ba. Na taɓa sayen wani a wajen mai tebur, marar suna marar kwali, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Ranar farko na tsinci gashi a kumatuna fiye da wanda na aske. Kafin sati biyu curin gashin ya fice daga mariƙin ɗungurungum ya faɗa cikin kwano. Gam ne ba su sa na kirki ba. Sabon buroshi ya zubar da sili biyar ko goma a kwanakin farko ba komai ba ne, amma wanda ya wuce wata yana zuba ba zai daina ba. In kana iya taɓawa kafin ka biya, ja gashin a hankali ka gani, ka dube shi ta sama ko tsakiyarsa a cike take ko rami ne, ka goga bakin a bayan hannu. Faɗin gindin curin ana auna shi da milimita, kuma 22 zuwa 24 ya ishi yawancin fuskoki. Wanda ya bar gemu, gefen kumatu da wuya kawai yake gyarawa, ƙarami ma ya fi masa. In kuma kana shakkar na roba ne ko na dabba, tsinko sili ɗaya ka kusanta shi da ashana: na dabba zai yi ƙaurin babbaka ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule.

Yawancin buroshin da ke mutuwa da wuri, mai shi ne ya kashe shi. Tafasasshen ruwa yana sassauta gam, ruwa mai ɗumi ya isa. Danna shi a fuska har ya baje kamar faifai yana karya gashin tsakiya. Sabulun da aka bari a gindinsa yana daskarewa, musamman inda ruwan rijiya ko na burtsatse ke da nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi sosai. A irin wannan wuri mutum sai ya yi ta zargin buroshi alhali ruwan ne, kuma kofi ɗaya na ruwan leda ya isa ya gwada ya gani. Bayan aski a ɗauraye shi har ruwan ya fito garau, a yarfe, a goge a tawul, a ajiye inda iska ke shiga, ba cikin jaka ko durowa ba. Kada kuma ya zama na gayya. Yana taɓa fatar da reza ta ƙwarzana, don haka yadda ba ka karɓar aron reza, shi ma kowa ya riƙe nasa, ko da wa da ƙani ne a ɗaki ɗaya.