Bishiyar Ogasawara: ta tsira daga gatari, barbara na neman ƙarasa ta

Kimanin kilomita 1,000 kudu da Tokiyo akwai tsibiran Ogasawara, waɗanda ba su taɓa haɗewa da wata nahiya ba. Babu filin jirgin sama na fasinja a can, sai jirgin ruwa, tafiyar awa 24. A nan kaɗai duniya ta san bishiyar da Japanawa ke kira ogasawara-guwa, masana kuma Morus boninensis. Danginsu ɗaya da ɓaure da cediya da durumi.

Kyan katakonta ne ya fara jawo mata masifa. Yana da ƙwari, yana da sheƙi, kafintoci suna sayensa da tsada. Bayan Japan ta karɓi ikon tsibiran a 1876, masu saran itace suka dira a kanta ba ƙaƙƙautawa. Har yau a dajin Sekimon na tsibirin Hahajima akwai manyan kututture da ke nuna girman abin da aka kayar. Ƙidayar da aka yi a farkon shekarun 2000 ta nuna waɗanda suka rage ba su kai 200 ba.

An daina saran, amma bishiyar ba ta farfaɗo ba, kuma dalilin ya fi gatari tayar da hankali. Mutane sun shigo da wata 'yar'uwarta, shimaguwa, don ciyar da tsutsar siliki da ganyenta. Sana'ar ta wuce, baƙuwar ta zauna, ta bazu. Ogasawara-guwa tana da namiji daban da mace daban, iska ce ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa waccan. To, mazan sun yi ƙaranci kuma sun yi nisa, ga baƙuwa ko'ina. Sai macen ta riƙa ɗaukar ƙurar shimaguwa, 'ya'yan su fito ruwa biyu. Mai wucewa zai ga tsiro a gindin tsohuwar bishiya ya yi murna, alhali ba magajinta ba ne. Sai an duba ƙwayoyin gado ake tabbatarwa: 'yar asalin tana da jerin kuromosom huɗu, baƙuwar biyu, ruwa biyun kuma uku.

Ga kuma akagi, bishiyar da aka kawo don itacen wuta, tana saurin girma tana tare rana. A tsibirin Ototojima awakin da suka koma daji sun yi ta cinye ƙananan tsiro kafin a kawar da su.

Yunesko ta sa tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, sai dai suna ba ya raba ƙurar fure. Aikin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne wanda ba ya shiga labarai: ma'aikatan gandun daji suna sare shimaguwa da akagi, suna ɗebo 'yan rassa daga bishiyoyin da aka tantance tsantsarsu, a raine su a ɗakin gwaji, sannan a mayar da dashen zuwa tsibiran da iyayensu suke.