Ƙwayoyin halittar da ke haɗa taki a tsakiyar teku

Ruwan tekun da ke yankunan zafi na duniya yana da kyan gani, shuɗi ne garau, har ana hango abin da ke can ƙasa. Sai dai a wajen masana kimiyyar teku, wannan haske alama ce ta yunwa, domin ruwan da ya cika da abinci yakan yi kore ne.

Dalili shi ne, ruwan sama da rana ta ɗumama ba ya gauraya da ruwan sanyi na ƙasa, inda sinadaran da ke ciyar da tsirrai suke taruwa. Babban abin da ake ƙarancinsa a saman shi ne sinadarin naitirojin, wanda babu mai rai da zai iya gina jikinsa ba tare da shi ba.

Amma duk da haka akwai rayuwa a waɗannan wurare, tun daga ƙananan halittun da ido ba ya gani har zuwa manyan kifaye irin su tuna. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, daga ina takin yake zuwa?

Naitirojin ba abu ne mai wuyar samu ba. Shi ne kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, kuma yana narkewa a ruwan teku. Matsalar ita ce ƙwayoyin zarrarsa suna zuwa ne biyu-biyu, a ɗaure tamau, ta yadda tsirrai da dabbobi ba sa iya raba su. Wasu nau'o'in bakteriya ne da dangoginsu kaɗai ke da wannan baiwa, inda suke kwance ɗaurin su mayar da iskar ta zama amoniya, wato abin da tsiro zai iya sha.

Manomin da ke shuka wake ko gyaɗa domin farfaɗo da gonar da ta gaji ya san amfanin wannan aiki, ko da bai san sunansa ba. Ƙananan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar wake gidajen irin waɗannan bakteriya ne. Abin da ke faruwa a teku ke nan, illa dai can babu ƙasa babu saiwa.

Garin katakon teku

Wadda ta fi shahara a cikin masu wannan aiki a teku ita ce Trichodesmium, wata bakteriya mai haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Tana girma ne kamar zare, zaruruwan kuma su dunƙule su zama ɗan curi da ido ke iya gani. Ta fi son ruwan da ɗuminsa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas.

Idan iska ta kwanta, takan taso saman ruwa ta shimfiɗu tsawon kilomitoci masu yawa, har taurarin ɗan'adam su ɗauko hotonta. Matuƙan jirgin ruwan Kyaftin James Cook sun gan ta a gaɓar Ostareliya a 1770, kuma tun zamanin ake kiranta garin katakon teku. Charles Darwin ma ya ci karo da ita kusa da Brazil a 1832. Akwai masu ganin cewa jan launin da wani nau'inta ke bai wa ruwa ne ya sa Turawa ke kiran Bahar Maliya da suna Jan Teku.

Sai a 1961 ne Richard Dugdale da abokan aikinsa suka nuna cewa tana kama naitirojin daga iska, a wani bincike da suka yi a Tekun Sargasso da ke cikin Atlantika.

Aikin ba ƙarami ba ne. Sinadarin da bakteriyar ke amfani da shi wajen kwance ɗaurin, wato naitirojinez, yana lalacewa da zarar ya haɗu da iskar oksijin, alhali ita kanta Trichodesmium tana fitar da oksijin da rana, kuma da ranar take kama naitirojin. Wasu 'yan uwanta sukan kauce wa matsalar ta hanyar jira sai dare ya yi. Ita kuwa tana gudanar da ayyukan biyu ne a yini guda.

Wa ke cin wa

Abin mamaki shi ne, ba halittu da yawa ne ke cin Trichodesmium kai tsaye ba, saboda tana ɗauke da guba. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ke iya cinta shi ne wani ɗan ƙwaron ruwa mai suna Macrosetella, wanda ke zama a jikin curin, ya ci daga ciki, ya kuma rataya ƙwansa a kai.

Mafi yawan takin yana isa ga sauran halittu ne ta bayan fage. Tun tana raye, bakteriyar kan zubar da wani kaso mai tsoka na naitirojin ɗin da ta kama, wani lokaci har kusan rabi, a cikin ruwa. Idan ta mutu kuma, ragowar ta watse. Ƙananan tsirran ruwa su sha, ƙananan ƙwari su cinye tsirran, 'ya'yan kifi su cinye ƙwarin, manyan kifaye su cinye ƙanana.

Masana suna iya bin sawun wannan tafiya, domin naitirojin ɗin da aka kamo daga iska bai kai wanda ya taso daga ƙarƙashin teku nauyi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a yankin zafi na Atlantika sun gano wannan alama a jikin ƙananan dabbobin ruwa da kifaye ke ci. A wata tashar bincike da ke arewacin tsibiran Hawaii kuma, inda ake auna ruwa tun 1988, David Karl da tawagarsa sun bayar da rahoto a 1997 cewa kusan rabin sabon naitirojin da ke shiga saman ruwan wurin daga iska yake zuwa.

A nan ya kamata a yi hattara. Wuraren kamun kifi mafiya albarka, kamar gaɓar Muritaniya da Senegal da Peru, ba su dogara da wannan hanya ba. Can iska ce ke tono ruwan ƙasa mai taki zuwa sama. Aikin bakteriyar ya fi muhimmanci ne a tsakiyar teku, nesa da gaɓa, yankin da ya mamaye wani babban ɓangare na doron duniya.

Ƙiyasin masana ya nuna cewa ana kama fiye da ton miliyan 100 na naitirojin a tekunan duniya kowace shekara, adadin da ke gogayya da abin da dukkan masana'antun takin zamani ke samarwa. Shi ne kuma ke cike gurbin wanda wasu bakteriya ke mayarwa iska a wuraren da ruwa ba shi da oksijin, kamar Tekun Arabiya.

Hannun ƙurar hunturu

Naitirojinez ba ya aiki sai da sinadarin ƙarfe mai yawa, ƙarfe kuwa ba ya daɗewa a narke cikin ruwan teku. A tsakiyar Atlantika, daga sama yake saukowa.

Ƙurar da ke turnuƙe Kano da Maiduguri da Damagaram a lokacin hunturu, ta hana jiragen sama sauka, ba a nan take ƙarewa ba. Wani kaso nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gurbin wani tafki mai girma na zamanin da, wanda ake ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Wani bincike da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin ton miliyan 182 na ƙura ne ke ficewa daga yammacin Sahara a shekara, kuma akasarinta a cikin teku take zuba.

Ƙurar tana ɗauke da ƙarfe da fosfaras. A wani rahoto da mujallar Nature ta buga a 2004, masu bincike sun zuba ƙurar Sahara a ruwan da suka ɗebo daga gabashin Atlantika, sai kama naitirojin ya ƙaru. Wannan ne ma ya sa Trichodesmium ta fi yawa a arewacin Atlantika, inda ƙurar ke sauka, fiye da kudancinsa.

Ba kullum ne abin ke zama alheri ba. Masana a jihar Florida sun danganta saukar ƙurar da yawaitar Trichodesmium a Tekun Meksiko, wadda takin da take bari ke taimaka wa wani tsiron ruwa mai guba da ke jawo mutuwar kifaye a gaɓar jihar.

A shekarun baya an ɗauka Trichodesmium ce ke yin kusan dukkan aikin. A 2001 Jonathan Zehr na Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Cruz ya nuna cewa akwai wasu ƙananan bakteriya masu ƙwaya ɗaya da ke yin haka a Tekun Pasifik. Wasu kuma suna zaune ne a cikin jikin ƙananan tsirran ruwa, musamman a inda Kogin Amazon ke malala cikin teku.

A 2024 tawagar Zehr ta sanar a mujallar Science cewa ɗaya daga cikin waɗannan bakteriya ta daɗe a jikin wani tsiron ruwa har ta daina zama baƙuwa, ta koma wata gaɓa tasa, wadda suka raɗa wa suna naitiroplas. Wannan shi ne karon farko da aka samu irin wannan gaɓa a jikin wata halitta da ba bakteriya ba, kuma masu binciken aikin gona na nazarin ko za a iya koyon wani abu daga gare ta wajen samar da hatsin da zai haɗa wa kansa taki.