Digirin Fim da Maltimidiya: Me Jami'o'inmu Za Su Zuba a Kashi 30 Ɗin da Aka Bar Musu?

A ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Disamba, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'in Najeriya da ake kira CCMAS. Ma'ana, tun ranar da aka yaye ƙyallen kundin da aka shafe shekaru ana rubutawa, an riga an samu wani abu da ya fara sauya yadda ake rubutu, zane da haɗa bidiyo, wanda masu rubuta kundin ba su tarar da shi ba lokacin da suke aikinsu. Wannan ba laifin kowa ba ne. Haka fannin yake: ana ɗinka masa riga yana ƙara girma.

Ni ba ɗan jami'a ba ne. Daga sakandare na tsaya, sauran a gaban kwamfuta na koya. Amma aikin gina shafukan intanet da masarrafan waya yana haɗa ni kullum da waɗanda suka karanci sadarwa da maltimidiya, domin su ke kawo hoto, bidiyo da zanen da ake ɗorawa. Daga wannan kujera ake ganin abin da digirin ya ba mutum da abin da ya bar shi ya nema da kansa. Kuma magana ce ta shekara huɗu na rayuwar matashi da kuɗin iyayensa, don haka ta cancanci a zauna a kanta.

Abin da ya canza a takarda

Shekaru da dama kwas ɗaya ne ake kira Maskwam, wato koyon aikin jarida da sadarwa, ya tattare komai. A 2020, lokacin da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed ke shugabantar NUC, aka rarraba shi zuwa digiri daban-daban: aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin, sadarwa don cigaban al'umma, nazarin bayanai da kafafen sadarwa, sai kuma fim da maltimidiya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da abin da ƙasashe da yawa ke kira digirin fasahar kafafen sadarwa na dijital.

CCMAS ta zo ta maye gurbin tsohon kundi mai suna BMAS, kuma ta kawo tsari mai muhimmanci: kashi 70 cikin ɗari na darussa NUC ce ta tsara su ga kowa, kashi 30 kuwa kowace jami'a ita za ta cike da kanta. A digirin shekara huɗu da mafi ƙarancinsa kiredit 120 ne, kashi 30 na nufin kiredit 36. Idan aka raba su uku-uku, darussa 12 ke nan. Ba ƙaramin fili ba ne.

Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta soki tsarin a 2023, tana ganin an ƙwace wa majalisun jami'o'i ikonsu na tsara abin da za su koyar. Muhawara ce mai tushe. Amma ko an yarda da ita ko ba a yarda ba, kashi 30 ɗin nan yana hannun sashe yau, kuma a nan ne za a bambanta jami'ar da ta yi tunani da wadda ta kwaso tsofaffin darussa ta sauya musu suna.

Da me ake auna manhajar karatu?

NUC na tura tawagar tantancewa zuwa sassa, kuma cikakkiyar amincewa tana aiki ne na shekara biyar. Tawagar na duba yawan malamai da matakinsu, ɗakin karatu, ajujuwa, kayan aiki da takardun jarrabawa. Duk waɗannan wajibi ne, sai dai mafi yawansu suna auna abin da aka zuba a tukunya ne, ba ɗanɗanon miyar ba. A fannin da shekara biyar ke iya binne masarrafa sukutum, sashe na buƙatar nasa ma'aunin na cikin gida, kowace shekara. Tambayoyi huɗu sun isa a fara da su.

Ta farko: ɗalibin da ya gama, me zai iya nunawa? Ba takardar sakamako ba, aiki. Gajeren fim, shafin intanet da ke buɗewa, shirin sauti, zanen talla. Idan aka ɗauki ɗalibai goma ba tare da zaɓe ba aka ce kowa ya buɗe aikinsa, abin da aka gani shi ne ainihin manhajar, ba abin da ke cikin kundi ba.

Ta biyu: ina waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce suke? Wannan bincike ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Fom ɗin Google guda da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai sun wadatar. A tambaye su aikin da suke yi, darasin da ya amfane su, da abin da sai da suka fita suka koya daga tushe. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce jerin gibin da ke cikin manhajar.

Ta uku: masu ɗaukar aiki me suke cewa? A Amurka, hukumar ABET da ke tantance digirin injiniyanci da kwamfuta tana buƙatar sashe ya riƙa bitar manufofinsa tare da masu ruwa da tsaki, shi ya sa sassa da yawa ke da kwamitin shawara na mutanen masana'anta. A nan ma ba a rasa mutanen ba: editocin Kannywood, injiniyoyin gidajen rediyo, masu kamfanonin talla da ɗab'i, masu gina masarrafai. Zama biyu a shekara ya isa.

Ta huɗu: awa nawa ɗalibi ya yi hannunsa a kan na'ura? Ba awannin da aka rubuta a jadawali ba. Idan kyamara biyu ce ga aji mai ɗalibai ɗari, lissafin ba ya buƙatar kalkuleta.

Darasin da Flash ya bari

Akwai lokacin da Adobe Flash shi ne sarkin motsi a intanet. Wasanni, tallace-tallace, har bidiyon YouTube na farko-farko, duk da shi ake kunna su. A Afrilun 2010 Steve Jobs ya fitar da wasiƙar da ya bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta ɗauke shi ba. A ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe ta daina tallafa masa baki ɗaya.

Wanda aka koya wa inda maɓallan Flash suke, iliminsa ya bi shi kabari. Wanda aka koya wa yadda motsi ke aiki, yadda ake jera firam, yadda abu ke fara tafiya a hankali ya yi sauri ya tsaya, shi ya tashi ya koma wata masarrafar a cikin makonni. Don haka bai kamata a ga darasi mai sunan kamfani a manhajar digiri ba. A sa wa darasi sunan gwanintar, gyaran hoto ko haɗa bidiyo, sannan a bar malami ya zaɓi masarrafar da ta dace da shekarar.

Abin da zan so in gani a kiredit 36

Matse fayil da isar da shi. Bidiyon minti 10 da aka fitar a kan megabit 8 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 600. Mai kallo a Gaya ko Azare da ke lallaɓa datarsa ba zai buɗe shi ba. Ɗalibi ya san mene ne H.264, me ya sa WhatsApp ke dagula masa hoto, yaushe ake amfani da JPEG, PNG ko WebP. Ya kuma san cewa wutar lantarkinmu tana juyi 50 a daƙiƙa, shi ya sa ɗaukar bidiyo a firam 25 ya fi zama lafiya a ƙarƙashin wasu fitilu, firam 30 kuwa kan sa hoton ya riƙa ƙyaftawa. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke raba gwani da mai lalube.

Sauti. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure muryar da ƙarar janareta ta danne ba. Darasi guda cikakke kan ɗaukar sauti a fili, tace shi da daidaita ƙarfinsa zai gyara rabin matsalar ayyukan ɗalibai.

Hausa a kan allo. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, duk suna cikin tsarin Unicode, amma ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Shi ya sa ake ganin fosta mai kyau da akwati a tsakiyar kalma, ko fassarar ƙasan fim da ta mayar da ƙasa kasa. Jami'ar da ke Kano, Zariya, Sakkwato ko Katsina ita ta fi kowa cancantar koyar da zaɓen salon rubutu, fassarar ƙasan allo da rubutun talla da Hausa. Ba wanda zai zo daga waje ya yi mana wannan.

Ginin shafi. Ba sai ɗan maltimidiya ya zama injiniyan masarrafa ba, amma HTML, CSS da ɗan JavaScript sun zama kamar iya tuƙi. A haɗa da Git, don ya san adana aiki mataki-mataki da yin aiki tare da wasu ba tare da an rubuta a kan na juna ba.

Doka da kasuwa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya an sa mata hannu a Maris 2023, dokar kare bayanan jama'a kuma a Yunin shekarar. Wanda zai ɗauki hoton mutane ko ya ɗora waƙar wani a bidiyonsa dole ya san iyakarsa. Ya kuma san rubuta yarjejeniya, yanke farashi da karɓar kafin alƙalami. Shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So sun nuna cewa YouTube ta zama babbar kasuwar fim ɗin Hausa; ɗalibi ya fahimci yadda kuɗin talla ke shigowa a can da abin da ke sa a rufe tasha.

Ƙirƙirarriyar basira. Hana ɗalibai amfani da ita ba zai yiwu ba. Abin yi shi ne a koya musu inda take taimako, inda take ƙirƙiro ƙarya, da yadda ake tantance hoto ko murya ta bogi. Wannan darasin kuwa a rubuta shi da fensir, don kowace shekara sai an goge wani abu.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba

Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan kuɗin wata-wata. Sakamakon da kowa ya sani shi ne kwamfutoci cike da masarrafan da aka fasa, tare da ƙwayoyin cutar da ke biyo su. Akwai mafita. Blender kyauta ne don zane mai motsi. DaVinci Resolve na da nau'in kyauta da ya isa haɗa fim da gyaran launi. Ga Audacity na sauti, Inkscape da GIMP na zane, OBS na watsa shiri kai tsaye. Mai ganin kayan kyauta na wasa ne ya tuna cewa fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da Blender aka yi shi, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta fim mai motsi a 2025.

Kuɗin da aka rage daga lasisi sai ya tafi inda ya fi ciwo: kwamfutoci masu ƙarfi, makirufo, da sola mai batir. Ɗakin gwaji da babu wuta ɗakin ajiya ne. Kuma a bar shi a buɗe bayan la'asar da ranakun Asabar, domin haɗa bidiyo ba ya ƙarewa a cikin awa biyu na darasi.

SIWES da aikin ƙarshe

Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, an yi shi ne don ɗalibi ya taɓa aiki na gaske kafin ya gama. Sau da yawa yakan ƙare a zaman ofis da cike littafin rahoto. Gyaransa mai sauƙi ne: maki ya rataya a kan abin da ɗalibi ya dawo da shi, kuma a amince da ƙananan situdiyo da kamfanonin matasa a matsayin wurin horo, ba manyan gidajen talabijin kaɗai ba. A ƙaramin wuri ne ake miƙa wa ɗalibi kyamara tun makon farko.

Haka aikin kammala digiri. Babi biyar da takardar tambayoyi sun dace da mai shirin zama manazarci. Mai karatun maltimidiya kuwa a bar shi ya gina abu don mai buƙata na gaske, asibitin unguwa, makarantar firamare ko ƙungiyar manoma, ya rubuta gajeren bayani kan shawarwarin da ya yanke, sannan ya kare aikin a gaban malamai da mutum ɗaya daga masana'anta.

Malamai fa?

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan malami. Mutumin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba takardunsu, ana kuma auna ƙarin girmansa da yawan maƙalun da ya wallafa, yaushe zai zauna ya koyi sabuwar masarrafa? Yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abin da zai taimaka shi ne a ba malami damar yin makonni a situdiyo lokacin hutu, a lissafa fim ko masarrafar da ya yi a cikin ayyukan ƙarin girma, a kuma buɗe ƙofa ga gwanayen waje su ɗauki ɓangaren aikin hannu ko da ba su da digiri na biyu. Malami ya riƙe tushe, tarihi, ɗa'a da nazari, abubuwan da mu masu koyon kanmu muka fi rasawa, domin YouTube na koya maka yadda ake yi, ba ya cika gaya maka dalilin yi ba.

Ga mai shirin cike JAMB

Kafin ka zaɓi sashe, je ka gani da idonka. Nemi jerin darussan da jami'ar ta ƙara da kanta a kashi 30 ɗin. Tambayi ɗan aji uku sau nawa ya shiga situdiyo a zangon da ya wuce. Ka ce a nuna maka ayyukan waɗanda suka gama bara. Idan kuma ka riga ka shiga, kada ka jira a gyara manhaja: buɗe wurin adana ayyukanka tun aji ɗaya, ka sa abu guda a ciki kowane wata. Zuwa ranar da za ka karɓi takardarka kana da ayyuka sama da 40, kuma su ne mai ɗaukar aiki zai fara cewa ka buɗe masa.