Wane jirgi ya fi wuyar tuƙi? Gardamar matuƙa da zafin bazarar Kano

Duk inda matuƙan jiragen soja masu saukar ungulu suka taru, ko a Amurka ko a Rasha ko nan gida, akwai gardamar da ba ta tsufa: jirgin wa ya fi wuyar tuƙi. Mai jirgin kai hari yana ganin shi ne gwani, domin yana tuƙi, yana neman abokin gaba, yana kuma kauce wa harsashi a lokaci guda. Mai jirgin dako ya ce a bari sai an cika jirgi da sojoji da kaya an ce a sauke shi a fili mai ƙura, sannan a zo a yi magana. Mai ƙaramin jirgi kuwa cewa yake yi manyan jirage na'ura ce ke yi musu rabin aikin, nasa kuwa hannu ne zalla.

Da a ce gardamar ta tsaya a barikin soja, da ba mu da abin cewa. Amma tun da hare-haren 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, ƙarar jirgin soja ta daina zama labarin nesa ga mutanen arewacin Kano. Wanda jirgi ke shawagi a kan gonarsa da rumbunsa yana da haƙƙin sanin abin da mutumin da ke cikinsa yake fama da shi.

Helikwafta ba ta da natsuwa irin ta jirgi mai fiffike, wanda idan an daidaita shi a sama zai iya tafiya ɗan lokaci ba a taɓa shi ba. Matuƙinta yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu. Hannun hagu yana kan sandar da ke gefen kujera, wadda ke ƙara wa dukan fukafukan babbar farfela cizon iska ko ta rage, jirgi ya hau ko ya sauka. Hannun dama yana kan sandar da ke tsakanin gwiwoyi, mai karkata farfelar gaba ko baya ko gefe. Ƙafafu suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Amfanin wannan ƙaramar shi ne hana jirgin juyawa: inji yana murɗa babbar farfela ta wani ɓangare, gangar jirgin kuma tana neman juyawa ta ɗaya ɓangaren. Matsalar ita ce ba a taɓa ɗaya a bar sauran. Ka ja sandar hagu, dole ka ƙara feda; ka ƙara feda, jirgi ya fara zamewa gefe, dole ka gyara da hannun dama. Tsayawa cak a sama, abin da mai kallo daga ƙasa yake gani kamar hutu, shi ne mafi wahala, kamar mai tallar nono ce ɗauke da ƙwarya cike fal a ka tana taka kunya bayan kunya, wuyanta na gyara ba tare da ta tsaya tunani ba.

Wannan kowa ya yarda da shi. Daga nan ne ake rabuwa, kuma rundunar sojin saman Nijeriya wuri ne mai kyau na ganin rabuwar, domin jiragenta daga ƙasashe dabam-dabam suka zo. Akwai Mi-24 da Mi-35 da Mi-17 na Rasha, akwai Agusta A109 na Italiya, akwai Super Puma na Faransa da Bell 412 na Amurka, sannan T129 na Turkiyya da suka fara isowa a ƙarshen 2023, lokacin da Hasan Bala Abubakar, ɗan asalin Shanono, yake shugabancin rundunar.

Ɗauki Mi-35. Jirgin yaƙi ne mai sulke, yana kuma iya ɗaukar sojoji takwas a cikinsa, nauyinsa idan an cika shi ya haura tan 11. Yana da gajerun fukafukai a gefe inda ake rataya makamai, kuma idan ya ɗauki gudu waɗannan fukafukan suna ɗauke wa farfela kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin. A guje, jirgi ne mai ƙarfi da sauri. Amma idan ya tsaya cak, fukafukan nan ba su ɗauke komai, sai ma tare iskar da farfela ke turowa ƙasa. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun koyi wannan a duwatsun Afganistan tsakanin 1979 da 1989, inda sau da yawa sai kakansa Mi-24 ya yi ɗan gudu a kan tayoyinsa kafin ya iya tashi da kaya. Wahalarsa ita ce nauyi, kuma matuƙinsa dole ya yi tunani tun kafin abu ya faru, don jirgin ba ya yafe wa wanda ya makara.

A109 kuwa bai wuce tan 3 ba. Shi ne jirgin da Tolulope Arotile ta tuƙa, mace ta farko da ta zama matuƙiyar helikwaftar yaƙi a Nijeriya, wadda aka liƙa wa alamar matuƙa a watan Oktoba na 2019, ta kuma rasu a haɗarin mota a Kaduna a watan Yuli na 2020 tana da shekara 24. Jirgi ne mai saurin jin hannu, abin da ke da daɗi ga gwani, mai haɗari ga wanda hannunsa ke da nauyi. Ba shi da sulken Mi-35, don haka kariyarsa ita ce iya kaucewa.

Akwai wani bambanci da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Idan aka duba daga sama, farfelar jiragen Rasha da na Faransa tana juyawa ta hanyar hannun agogo. Ta jiragen Amurka da Italiya tana bin akasin haka. Saboda haka wanda ya saba da Mi-35 ƙafar dama yake takawa idan ya ƙara ƙarfi, wanda ya saba da A109 ko Bell kuma ƙafar hagu. A rana mai lafiya wannan ba komai ba ne, mutum yana kallon hancin jirgi yana gyarawa. A lokacin firgici kuwa, ƙafa tana komawa ga abin da ta fara koya. Shi ya sa canza wa matuƙi jirgi yake cin watanni da kuɗi masu yawa.

A ganina, wanda zai raba wannan gardama a ƙasarmu ba matuƙi ba ne, yanayi ne. Farfela iska take turawa ƙasa, inji kuma iska yake shaƙa. Iska mai zafi ba ta da kauri. Kano tana kan tudu mai tsayin kusan mita 480 daga teku, kuma a watan Afrilu zafin tsakar rana yana kai wa digiri 40. Idan aka haɗa biyun, kaurin iska yana raguwa da wajen kashi 13 cikin 100 idan aka gwada da ma'aunin da ake lissafin jirage a kansa, wato bakin teku a digiri 15. Ga jirgi, tashi daga wani fili a Bichi ko Ɗanbatta da azahar ta bazara daidai yake da tashi daga tudu mai tsayin mita 1,500, wanda ya fi Jos. Jirgin da ya ɗauki kaya cikin sauƙi da asuba zai iya kasa ɗaga kayan nan da rana, sai an rage mai ko makami ko mutum. Sabon samfurin Mi-35M, wanda Nijeriya ta fara karɓa daga Rasha wajen 2017, an ba shi injina masu ƙarin ƙarfi ne musamman saboda zafi da tsayi.

Sai ƙura. Bayan girbi ƙasar jigawa ta arewacin Kano tana zama tsirara, dabbobi sun tattake ta, ta yi laushi. Jirgi mai nauyi yana matsowa ƙasa, iskar farfelarsa ta tayar da yashi da guntayen kara, ƙurar ta hau sama ta sake faɗowa ta cikin farfelar, cikin 'yan daƙiƙoƙi matuƙi ya daina ganin ƙasa. Ga mai tsayawa cak, ido shi ne komai. Cikin kunnen ɗan Adam ba ya jin zamewa a hankali, don haka jirgi yana iya tafiya gefe matuƙi yana rantsuwa a tsaye yake, taya ɗaya ta taɓa ƙasa, jirgin ya kife. Ba raunin matuƙanmu ba ne wannan. A watan Afrilu na 1980, lokacin da Amurka ta yi yunƙurin kuɓutar da mutanenta da aka tsare a Tehran, guguwar ƙura ce ta fara wargaza shirin, sannan wata helikwafta ta yi karo da jirgin dakon mai cikin ƙurar da ta tayar a hamada, mutum takwas suka mutu. A nan mai jirgin dako yana da gaskiya a gardamarsa, domin shi ne dole ya sauka. Idan aka ƙara da hazon hunturu, wanda kan hana ko jiragen fasinja sauka a filin jirgi na Malam Aminu Kano, an ga yadda watanni da dama na shekara suke.

Ƙasar ma kanta ba ta da sarari. Karkarar Kano tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma: gona na manne da gona, kowace da gawonta da ɗorawarta da tsamiyarta, ga kuka, ga darbejiya a bakin gari, ga wayoyin lantarki da turakun sadarwa waɗanda ba a hango su sai an matso. Idan inji ya mutu, helikwafta tana iya saukowa lafiya, domin iskar da ke hawa ta cikin farfela tana ci gaba da juya ta, amma dole matuƙi ya sauke sandar hagu nan take, ya kuma zaɓi fili cikin daƙiƙoƙi. A wannan ƙasa kusan kowane fili akwai bishiya a tsakiyarsa, ko yara masu kiwo.

Abin da ya sa na damu da gardamar ke nan. Hankalin mutum iyaka gare shi. Duk abin da jirgi da zafi da ƙura suka cinye, an ɗebe shi ne daga abin da ya rage na duban ƙasa, na rarrabe ayarin babura masu bindiga da ayarin masu dawowa daga kasuwa ko masu rakiyar amarya. Abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba 2023, inda aka kashe aƙalla mutum 85 a wajen Maulidi, jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ne ya yi shi, ba helikwafta ba. Amma ya nuna cewa ko wanda ba ya fama da feda ko ƙura yana iya kuskuren gane mutanen da ke ƙasa, balle wanda hannuwansa da ƙafafunsa ke cike da aiki. Dalilin da ya sa jirage irin T129 ke da kujeru biyu, ɗaya a bayan ɗaya, shi ne a raba nauyin: wani ya tuƙa, wani ya duba.

Makarantar sojin sama da ke Kano jiragen L-39 masu fiffike take koyarwa, horon helikwafta kuma a Inugu yake, inda ƙasa ke da danshi mafi yawan shekara. A 2022 Amurka ta amince ta sayar wa Nijeriya AH-1Z guda 12, wani sabon nau'in da zai buƙaci nasa matuƙan da nasa makanikan. Ina fatan cikin kuɗin da za a kashe a ware na mai da kayan gyara domin awoyin atisaye a arewa, a watan Afrilu, da rana, a kan gonar da aka girbe, kafin a tura matuƙin nan aiki a sararin Tsanyawa.