Ruwan pompo a gida: tsakanin bakin tiyo da bakin yaro ake samun matsala

Yau batun ruwan sha za mu taɓa. A shekarun nan garuruwa da dama sun samu shato da pompo, wasu gidaje ma an ja masu tiyo har tsakar gida. Mata da ƴan mata sun rage wahalar jan guga, mun gode Allah. Sai dai fitowar ruwa daga pompo ba ita ke nuna ya shiga cikin yaro da tsabtarsa ba. Sau da yawa lalacewar a hannunmu take faruwa, kuma gyaranta bai fi ƙarfinmu ba.

Mu fara da inda ruwan ke fitowa. A Yamai daga kogin Isa ake jawo shi, a tace shi a Gudel da Yantala. A Maraɗi da Tawa daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗauko shi. Damagaram kuwa a kan dutse take zaune, shi ya sa ake turo mata ruwa daga nesa, kamar Gogo-Macaya, Arunguza da Ganaram. A manyan birane, kafin a sako ruwa ana sa masa sinadarin kulor mai kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ɗan warin javel da wasu ke ƙi, alama ce ta cewa maganin yana cikin ruwan. Amma ba ya dawwama. Idan ruwa ya kwana a buɗe cikin zafi, ƙarfinsa sai ya gushe.

Wurare uku ne ruwa ya fi gurɓata. Na farko, tiyo. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, ko akwai ɗan tsagu waje yake yoyo. Amma da an ɗauke ruwa, tiyo ya zama wayam, sai dattin kwata ko na masai da ke kusa ya samu hanyar shiga. Kun ga dalilin da ya sa ruwan farko bayan yankewa yakan zo ja ko da laka. Na biyu, hanya: bido marar murfi, ko wanda cikinsa ya yi kore, ko na ɗan garuwa da ba a wanke ba. Na uku, randa. Moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, a sha a ajiye ƙasa, yaro ya taso daga wasa ya zura hannu har wuyan hannu. Ruwan da ya zo lafiya lau, nan yake ɗaukar cuta.

Me za mu samu idan muka gyara? Abu na farko lafiyar yara. Zawo, zazzaɓin taifot, shawara da kwalara duk suna bin gurɓataccen ruwa. Yaron da ke yawan zawo abinci ba ya kama jikinsa, daga nan sai tamowa, ko da kuwa akwai hatsi a rumbu. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a daminar 2018 ba, ta kuma dawo a 2021 ta kwantar da dubban mutane a jihohi da dama. Na biyu, aljihun maigida. Ku lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa likita, kuɗin magani, da kwanakin da uwa za ta yi jinya a tsakiyar noma. Murfin bido da sabulu ba su kai rabin wannan ba. Na uku, karatu: yaro mai ciwon ciki ba ya zama lakwal. Kuma mun taɓa ganin amfanin irin wannan ƙoƙari. Kurkunu da ke kwantar da manoma da damina, tace ruwa da ƙyalle da samun rijiyoyi masu kyau na cikin abin da ya kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

To, ga abin da kowane gida zai iya yi. Idan ruwa ya dawo bayan yankewa, a bar na farko ya zuba a bokiti har sai ya washe, a yi wanki ko ban-ruwan itace da shi. A ware mazubin ruwan sha dabam, mai ƙaramin baki da murfi, a ɗora shi bisa wani abu, nesa da dabbobi. Wanda ke son sanyin randa, ya rufe ta, ya samo moɗa mai dogon hannu da za a rataye, a riƙa zubawa a kofi, ba a sha da ita. A wanke randa da bido da sabulu a kai a kai, kada a riƙa zuba sabon ruwa kan tsohon. Bidon da ya taɓa ɗaukar esansi ko maganin ƙwari, ba na ruwan sha ba ne har abada.

Idan ana shakkar ruwan, musamman da damina ko lokacin annoba, akwai hanyoyi uku. A tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti 1. Mun san itace ya yi tsada, to a fara da na ƙananan yara da marasa lafiya. Ko a sa ƙwayar Aquatabs gwargwadon litar da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Ko a cika gorar roba mai haske, a kwantar da ita a rana awa 6, kwana 2 idan akwai hadari. Idan ruwan ya yi duhu, a fara kwantar da lakar da alif ko garin ƙwayar zogale, a tace. Amma a sani, washewa dabam, kashe cuta dabam. Jariri kuma da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da bazara, ba sai an ba shi ruwa ba.

Akwai matsalar da tafasawa da javel ba sa magani. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, an yi shekaru ana shan ruwan wani foraj mai yawan sinadarin fuliwor, wanda ya zarce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ruwan garau yake a ido, amma ɗaruruwan yara sun tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Irin wannan sai awo ke gano shi. Idan kuka ga haƙoran yaran gari ɗaya suna rinewa, ku sanar da likita da magajin gari.

Nan muke kira ga ƴan uwa na Legas, Abijan, Akara da sauran wurare, masu haɗa kuɗi su gina wa garinsu foraj. Allah ya saka da alheri. Amma ku sa kuɗin awon ruwa cikin lissafi, a kai shi ma'aikatar ruwa ta jiha a auna kafin a buɗe wa jama'a. Ku ware wani abu na gyaran tiyo da wanke shato. Mai aiko da kuɗin cefane kuma, wata ɗaya ya ce a sayi bokiti mai murfi da kan pompo, da sabulu.

Kwamitocin ruwa na ƙauyuka, ku dubi bakin pompo: a yi masa daɓe da magudana, a hana dabbobi sha a wurin. Wanda ya ga tiyo ya fashe a unguwa ya kai rahoto a ranar. Idan kuma zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na SRO da aka haɗa da tsabtataccen ruwa, a ci gaba da ba shi nono, a garzaya da shi likita ba tare da an jira gobe ba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.