Matasa Da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa

A shekarar 2015 ne ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, da nufin cimma su nan da 2030. Na takwas ya shafi samar da aikin yi.

Matasa masu shekara 15 zuwa 24 sun kai kimanin miliyan 1,200 a duniya, amma alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2023 sun nuna ɗaya cikin biyar ba ya aiki, ba ya karatu, ba ya koyon sana'a.

Wannan asara ce ga 'yan kasuwa, domin marar abin hannu ba ya ciniki. Duk attajirin da ya horar da yaronsa, ya sallame shi da jari, ya ƙara wa kasuwa mai saye da mai sayarwa.