Minshari da Toshewar Hanyar Numfashi Cikin Barci: Abin da Ya Shafi Malamin Makaranta

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin malamai, musamman mu da ke horar da malaman firamare, ga wata matsala wadda take aukuwa da dare a ɗakin kwana, amma sakamakonta a cikin aji yake bayyana da rana. Matsalar kuwa ita ce rashin samun barci mai gamsarwa saboda wata larura a hanci, ko a maƙogwaro, ko a sauran hanyar da iska ke bi zuwa huhu. A wurin Bahaushe minshari, wanda wasu kan ce munshari ko hansari, ba ya cikin jerin cututtuka. In an ji mutum yana jansa sai a ce barcinsa ya yi nisa, ko kuwa a mai da abin na ba'a tsakanin abokan wasa. Abin da nake so in nuna shi ne, mai minshari kullum, yaro ne ko babba, yana iya shafe awa tara a kan shimfiɗa ya tashi bai huta ba.

Abin da ya fara sa ni bin diddigin wannan al'amari shi ne, wata rana na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, sai na tarar da wani yaro ɗan aji biyu a durƙushe a gaban allo, laifinsa gyangyaɗi. Malamin ajin ya ce kullum haka yake, ga rashin fahimta, ga shi in an kira sunansa sai an maimaita. Da na dube shi sai na ga bakinsa a buɗe, leɓunansa a bushe, maganarsa kuma kamar ta mai mura alhali ba ya mura. Aka kira yayarsa daga aji shida, ta ce minsharinsa yakan hana 'yan ɗakinsu barci, kuma har lokacin yana fitsarin kwance. Ni malamin ilmin kiwon lafiya ne, ba likita ba, amma ko a ranar na tabbata an bar jaki ana dukan taiki.

Yadda hanyar take toshewa

Iskar da muke shaƙa tana shiga ta hanci, ta bi ta bayan ganɗa, ta gangara ta bayan harshe, sa'an nan ta faɗa bututun da ke kai ta huhu. Hanci yana da ƙashi da guringuntsi, bututun huhu ma guringuntsi ne ke riƙe da shi. Amma yankin da ke tsakaninsu, watau daga bayan ganɗa zuwa tushen harshe, tsoka ce zalla, kuma ƙarfin tsokar nan ne kaɗai ke buɗe shi. Sa'ad da mutum ya yi barci tsokokin jiki duka sukan saki, har da waɗannan. Ga mai lafiya hanyar takan ɗan tsuke kawai. Ga wanda hanyarsa dama a matse take, iska sai ta kutsa da ƙarfi, naman wurin ya riƙa kaɗawa kamar tuta a iska, ƙarar wannan kaɗawa kuwa ita ce minshari.

In matsewar ta ƙaru sai hanyar ta rufe gaba ɗaya. Mai kallo zai ga ƙirji da ciki suna ta kokawar jawo iska, amma babu abin da ke shiga. Minsharin ya yanke, ɗaki ya yi tsit. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta farga, ta ɗan tayar da mai barcin na 'yan sakanni, tsoka ta ɗaure, hanya ta buɗe da wata irin shaƙuwa mai ƙarfi, sa'an nan ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. Wannan shi ne abin da za mu kira ɗaukewar numfashi cikin barci. Ga babba, likitoci suna lissafa ɗaukewar da ta kai sakan 10 ko fiye. In ta auku sau 5 zuwa 14 a awa guda larurar mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. To, a ƙaddara mutum yana da ta 30 ya kuma kwanta awa takwas: an katse masa barci sau 240 ke nan a dare ɗaya, kuma kowace katsewa tana tafe da hauhawar bugun zuciya da ta jini. Ga yara ma'aunin ya fi tsauri, domin abin da ya wuce sau ɗaya a awa ana ɗaukarsa larura.

Ya kamata a bambanta wannan da dannau. Mai dannau yana farke, yana sane, motsi ne ya gagare shi na ɗan lokaci. Mai ɗaukewar numfashi kuwa galibi bai san abin da ke faruwa da shi ba, sai dai abokin kwanansa ya ba da labari.

Ilmin wannan larura bai daɗe ba ainun. A 1965 ne Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa, da kuma Jung da Kuhlo a Jamus, suka auna masu barci da na'ura suka tabbatar da wannan ɗaukewa. A 1976 Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana ta a jikin yara takwas. Amma tun kafin nan an lura da alamunta. Wilhelm Meyer, wani likita a ƙasar Danmak, ya yi bayanin naman bayan hanci a 1868, kuma a 1889 William Hill ya rubuta a mujallar likitocin Ingila cewa yaron da ake ɗauka rago ne ko daƙiƙi, wanda ke numfashi ta baki yana minshari da dare, ya cancanci likitan makaranta ya duba shi. Shekara fiye da 130 ke nan, amma har yau maganar ba ta iso ajinmu ba.

Yara

Babban dalilin wannan larura ga yara shi ne girman wasu ƙullutai na nama, irin naman kaluluwa, waɗanda aikinsu taimakon jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta. Biyu suna gefen maƙogwaro, dama da hagu, ana ganinsu in yaro ya wage baki, likitoci na ce musu tonsil. Na uku yana can sama a bayan hanci inda ido ba ya kaiwa, sunansa adinoyid. Tsakanin shekara 2 zuwa 8 waɗannan ƙullutai sukan yi girma fiye da yadda hanyar iska ke faɗaɗa, watau daidai shekarun da yaro ke shiga makarantar allo da ta boko. An ƙiyasta yaro 1 zuwa 5 cikin 100 yana da ɗaukewar numfashi, masu minshari kullum kuwa sun fi haka yawa. Ajin da ke da yara saba'in ko tamanin, kamar yadda muka saba gani, da wuya a rasa ɗaya ko biyu a cikinsa.

Da dare irin wannan yaro yakan yi ta juye-juye, ya yi gumi, ya kwanta ya ɗaga haɓa sama don neman iska, wani kuma ya yi fitsarin kwance bayan sa'o'insa sun daina. Da safe yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki. Wani girmansa yakan tsaya, domin sinadarin girma a cikin barci mai nauyi jiki ya fi fitar da shi, ga kuma ƙarfin da yake ɓatawa wajen kokawar numfashi. Sai dai a nan akwai abin da ke ruɗar malamai. Babba in bai sami barci ba gyangyaɗi yake yi, amma yaro sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe karatu, abu kaɗan ya fusata shi. Har ila yau, adinoyid in ya girma yakan toshe 'yar hanyar da ta haɗa bayan hanci da kunne, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu. Abin da malami ke kira taurin kai wani lokaci rashin ji ne na zahiri.

Akwai bincike biyu da suka dace da wannan taro. A 1998 David Gozal ya auna yara 297 'yan aji ɗaya a Amurka, waɗanda dukkansu suna cikin kashi goma na ƙarshen ajinsu. Ya tarar 54 daga cikinsu suna da matsalar numfashi cikin barci. Aka yi wa 24 aikin cire tonsil da adinoyid, iyayen 30 ba su yarda ba. A shekarar da ta biyo, makin waɗanda aka yi wa aiki ya ƙaru, na sauran bai motsa ba. Na biyun, wanda aka buga a 2013, ya haɗa yara 464 masu shekara 5 zuwa 9, aka raba su biyu, aka yi wa rabi aiki, rabi aka sa musu ido na wata bakwai. Barcin kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki ya daidaita, ɗabi'unsu kuma suka gyaru a idon iyaye da malamai. Amma kashi 46 cikin 100 na waɗanda ba a taɓa ba su ma sun daidaita da kansu, kuma gwajin natsuwa da tunani bai nuna wani bambanci mai yawa tsakanin ɓangarorin ba. A ganina darasin shi ne, wuƙa ba ta mai da yaro haziƙi, kuma ba kowane mai minshari ne ke bukatarta ba. Hukuncin na likitan hanci da kunne da maƙogwaro ne.

Tun da an ambaci wuƙa, tilas a taɓa maganar beli. Al'ada ce a ƙasar Hausa wanzami ya cire wa jariri beli, ko hakin wuya, a makon farko na haihuwa, wasu iyaye kuma in yaro ya dame su da tari ko minshari sukan mai da shi wurin wanzami, wai belin ya sake tsirowa. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa. Shi daban, tonsil daban, adinoyid kuwa ma aska ba ta isa inda yake. Shaidar haka a gidajenmu take, domin mutane nawa ne aka cire musu beli tun suna cikin zanen goyo amma minsharinsu ana ji daga zaure? Abin da ake ƙara wa yaron kawai shi ne haɗarin zubar jini, da ciwon sarƙe-haƙora, da ciwon hanta in kayan aikin ba su da tsabta. Ba ina nufin tozarta sana'ar wanzanci ba, amma wannan gona ba tata ba ce.

Yara masu sikila sun fi bukatar kulawa. Girman tonsil da adinoyid da ɗaukewar numfashi sun fi yawa a tsakaninsu, kuma raguwar oksijin da dare tana cikin abubuwan da ake dangantawa da tashin ciwonsu. Minsharin mai sikila ba abin jira ba ne.

Hanci, ƙura da hayaƙi

Ba kowace toshewa ce daga maƙogwaro ba. Akwai masu hancin da ba ya jure ƙura ko hayaƙi ko sanyi, sai atishawa da ƙaiƙayi da yoyon majina, cikin hancin ya kumbura, kuma kumburin ya fi tsananta in an kwanta. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, shi ne lokacin wahalarsu, haka ma masu asma waɗanda tari da shessheƙa ke tayarwa goshin asuba. Mu kuma sai mu rufe ƙofa da taga saboda sanyi, mu kunna garwashi da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da yara shida ke kwana. Gidan sauro ya fi wa irin waɗannan yara. Wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta yana taimakawa, akwai kuma maganin feshi da likita kan rubuta. Amma maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, wanda ake saye a kemis, in an zarce 'yan kwanaki ana amfani da shi, shi da kansa yakan dawo da toshewar fiye da da. Wani kuma karan hancinsa ne a karkace, ko wani tsiro ne a ciki. In kuwa ƙofar hanci ɗaya ce ta toshe wa yaro tana fitar da majina mai wari, to a yi zaton ya cusa ƙwayar masara ko gyaɗa ko dutsen ado, a kai shi asibiti, kada a sa tsinke.

Manya

Ga manya ƙiba ce kan gaba, musamman kaurin wuya, sai shekaru, da ƙanƙantar haɓa, da shan taba, da giya, da ƙwayoyin sa barci, da kwanciya rigingine. Maza sun fi mata kamuwa, amma ratar takan ragu bayan mace ta daina al'ada. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da larurar. Tana tafe da hawan jini mai wuyar magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota ga direban da barci ke sacewa a kan sitiyari. Rage ƙiba da kwanciya a gefe suna sauƙaƙa ta. Mai tsanani kuwa maganinta na'urar da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1981, wadda aka sani da CPAP, mai hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Tana aiki ƙwarai, sai dai tana da tsada kuma tana bukatar lantarki dare duka, mu kuwa mun san halin da muke ciki.

Abin da malami zai iya yi

Malami ba zai gano cuta ba, amma shi ne ke tare da yaro awa biyar ko shida kowace rana. Kafin ya ɗauki bulala ya kamata ya fara tambayar ko yaron yana samun awa 9 zuwa 12 da sa'o'insa ke bukata, domin talla da karatun dare da kallon waya su ma suna cinye barci. In lokacin ya isa amma alamun suna nan, sai ya nemi wanda ke kwana ɗaki ɗaya da yaron, wanda galibi uwa ce ko kaka ko yaya, ba uba ba, ya tambaya: yana minshari fiye da dare uku a mako ko da ba ya mura? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya? Da baki yake numfashi? In amsar i ce, sai a shawarci iyaye su je babban asibiti su nemi sashen hanci da kunne da maƙogwaro; asibitocin koyarwa suna da shi, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin barci na kwana guda a asibiti ba ko'ina ake samunsa ba, saboda haka yana da amfani iyaye su ɗauki hoton bidiyo na yaron da waya yana barci, na minti biyu ko uku, ƙirjinsa a buɗe, su nuna wa likita. Kafin a je, malami ya dawo da yaron layin gaba inda zai ji magana sosai.